Shekarar da Ba a Gasa Ka'ak Ba

Umdurman, unguwar Masalma
Ƙarshen wata sha ɗaya

Yaya Zubairu,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ya aikin riɗi, ya sanyin Gadarif? Ƙafar nan taka da ƙaya ta soka ta warke? Ni lafiyata ƙalau, ba abin da ke min ciwo. Ka yi haƙuri da rubutuna, iyakar abin da na samu a allo ke nan, in ka ga harafi ya karkace ka miƙe shi da kanka.

Na iso. Rabi mai shayi, ɗiyar Gwaggo Indo, ita ta tarye ni a tashar bas. Da muka hau gada mutanen motar suka yi ta cewa dubi inda farin kogi da shuɗin kogi suka haɗu. Na duba. Ruwa ne dai.

Aikin da Rabi ta samo min gidan wata tsohuwa ne, sunanta Ni'mat. Kirista ce, Bakibɗiya, irin waɗanda ake ce wa Agbat a nan. Mijinta ya rasu tuntuni, ɗanta ɗaya ya tafi Ostiraliya bayan sojoji sun hau mulki. Gidan babba ne, ɗakuna duk a rufe, ita kaɗai take yawo a ciki da sanda. Ina share gida, ina wanki, ina zuwa kasuwa. Faɗa gare ta. Ta ce yankan albasata kamar na mai sassabe. Amma ta ba ni ɗaki kusa da madafa, mai ƙofa, har da sakata ta ciki. Yaya, tun da aka haife ni ban taɓa kwana a ɗakin da yake ni kaɗai ba. In na rufe ba wanda ke kallona.

Ga abin da nake so ka riƙe min. Kafin mu shiga gidan Rabi ta ja ni gefe ta ce, "Kulu, kada ki kuskura ki ce mijinki a Kudu ya mutu. Can Kiristoci ake yaƙa, nan kuma gidan Kirista ne. Ranar da ta ji, ranar za ki ɗauki ƙunshinki." Da tsohuwar ta tambaye ni miji sai na ce babu shi. Ba ta ƙara tambaya ba.

Kai ka sani Salahuddin bai je don kansa ba. Kamen samari ne ya rutsa da shi a kasuwar Madani, da fanfon keke a hannunsa suka jefa shi mota. Amma a nan wa zai tsaya ya ji wannan? Kuma gidan su ba zan iya komawa ba. Tun ranar da suka zo da ganguna da lasifika suka ce bikin shahidi ne, an ɗaura masa aure a Aljanna, hotonsa na nan a bango da kakin soja, duk wanda ya shigo sai ya dube ni ya ce mabruk, wato barka. Na gama takabata a haka. Saboda haka Kawu Muntari na Hilla Kuku bai san na shigo gari ba, ka bar shi a haka. Shi ne ya riƙe lasifika ranar.

Yanzu suna azumi, na jiran Kirsimeti, su idin Milad suke cewa. Azuminsu ba irin namu ba ne. Suna ci, sai dai ba nama, ba madara, ba ƙwai, ba man shanu, har ranar idi. Kullum wake ne da ƙosai da ɗan ƙaramin waken nan da ake ce wa adas, wani lokaci kifi. Abin da take ci nake ci, ka iya cewa tare muke azumin. Ta ce in sayo nama in dafa wa kaina, na ce a'a. Duk ɗaya ne a bakina.

Jiya ta sa na jiƙa auduga a ƙananan farantai, muka barbaɗa alkama da adas a kai, ta ce kullum in yayyafa ruwa. Wai kafin idi za su tsiro, a jera su gaban wani ɗan kogo na takarda da ake kwantar da 'yar tsanar jariri a ciki. Ni da na girma a gonar auduga ban taɓa ganin an shuka abu a kan auduga ba. Ina dai yayyafawa.

Jatau direba zai kawo maka wannan. In za ka amsa ka ba shi, yana sauke wa Rabi a wurin shayinta.

Ƙanwarka,
Kulu

*

Gadarif, 8/12/1996

Zuwa ga ƙanwata Kulu,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina fata kina lafiya kamar yadda nake. Ƙafa ta warke. Riɗi mun gama, yanzu muna kan dawa.

Takardarki ta same ni, na karanta ta sau biyu, na kuma kasa cin abinci. Kulu, da hannunki kika rubuta cewa tare kuke azumi. Azumin wa? Wane malami ya ce miki Musulma tana yin azumin Nasara? An ba ki nama kin ƙi. Kin ce kuma kullum kina zuba ruwa a gaban gunkinsu. A duk takardar ban ga inda kika ambaci salla ba, ko sau ɗaya. Wata guda kacal da zuwanki birni.

Ke yarinya ce, ba ki san zamanin da muke ciki ba. Yanzu magana irin wannan ba a gida take tsayawa ba. Wani ya ji ya kai gaba, ba ke kaɗai za a tambaya ba, har ni. Mu da ma ana mana kallon baƙi a ƙasar nan, ko da kakanninmu a nan aka binne su. Abu ɗaya da ya ɗaga kanmu a idon hukuma shi ne sunan Salahuddin, shi kuma kin ɗauka kin ɓoye kamar kayan sata.

Ban ce tsohuwar muguwa ce ba, ban san ta ba. Amma tun da Baba da Inna suka rasu ni ne zan amsa tambaya a kanki, duniya da lahira. Ba zan iya barin gona yanzu ba, mai gonar ba zai sake ni ba sai an gama sussuka. Don haka na aika wa Kawu Muntari. Na san kin ce kada in yi. Shi ne babbanmu a can, kuma yana cikin kwamitin unguwa, ana jin maganarsa. Zai zo ya ga inda kike da idonsa.

Ki dafa nama ki ci. Ki daina taɓa farantan nan. Ki rubuto min ki ce kina salla.

Yayanki,
Zubairu

*

Umdurman
Kwana biyu bayan Kirsimetin mutanen Kudu

Yaya Zubairu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina lafiya, sai ɗan mura. Kullum na je kasuwa sai na biya wurin Rabi, ta ce ba takarda. Wai motar Jatau ta lalace a Fau, tana can. To ko ka rubuto ko ba ka rubuto ba, ga tawa.

Na yi abin kunya. Shekaranjiya da safe na ji ganguna a titi, na leƙa, mutanen Kudu ne cikin fararen kaya, suna tafe suna waƙa, yara riƙe da giciye na kara. Aka ce Kirsimeti ce. Sai na ruga na tafasa madara, na soya ƙwai, na kai wa tsohuwa a tire na ce barka da idi. Ta dubi ƙwan, ta dube ni.

Ta ce, "Kina so ki karya min azumi saura kwana kaɗan? Wa ya aiko ki, Shaiɗan ko Rabi?"

Na ce ai na ji ganguna.

Ta ce, "Nasu ne yau. Namu sai bakwai ga wata ɗaya. Zauna ki cinye abinki a gabana, kin rame kamar karan dawa."

Na zauna na cinye. Ashe Kirsimeti biyu ce a garin nan, Yaya. Ban san wacce ce ta gaskiya ba, ban kuma tambaya ba.

Gidan ya canza. An kira mai fenti ya shafe bangon tsakar gida. Mun buɗe ɗakin baƙi, mun kakkaɓe labule, ta ciro fitilu masu launi da wani tauraro na takarda, na hau kujera na rataye. Alkamar nan ta tsiro, ta kai tsawon yatsa, kore shar. Ta kai ni wurin tela ta yanko min yadi ja mai furanni, wai kowa a gida yana sa sabo ranar idi, ko kyanwa da tana da kafaɗa da an ɗinka mata. Na ce na gode. Ja ne sosai.

Babban aikin shi ne ka'ak. Wani ɗan cincin ne zagayayye da ake gasawa, a tsoma shi a garin sukari. Mu a ƙauye ba mu taɓa yi ba. Ta ce nata ne ya fi na kowa a Masalma, shekara arba'in ba ta fasa ba, ko shekarar da aka yi ambaliya. Gari buhu guda ta saya, da man shanu gwangwani biyu. Mun karɓo manyan tire daga gidan burodi, can za a kai a gasa. Matan layin za su taru a nan, su kwaɓa, su yi zane da wani ɗan ƙarfe mai haƙora. Maƙwabciyarta Um Mina ta ce min duk shekara sai sun yi faɗa a kan yawan mai, duk shekara kuma sai sun dawo. Abin mamaki, masu azumin ba sa ko ɗanɗanawa, sai ranar idi. Tsohuwa ta ce bana ni ce harshenta, ni zan ɗanɗana in faɗa mata. Ban gaya mata cewa ba na jin ɗanɗanon komai ba.

In an gasa, kowane gida a layin sai an kai masa faranti, Kirista da Musulmi. Ghada ta gidan da ke kallonmu, Musulma ce, ta ce 'ya'yanta tun yanzu suke ƙirga kwanaki.

Jiya tana koya min murza mai a cikin gari, ta kama hannuna ta ce, "Hannun nan yana da sanyi, irinsa ka'ak ke so. Albasa ce dai ba ki iya ba." Shi ne abu na farko da ta yaba.

Ina barci yanzu. Ba sosai ba, amma ina yi.

Ƙanwarka,
Kulu

*

Umdurman
Daren sabuwar shekara ya wuce jiya

Yaya,

Ina gaishe ka. Ina lafiya.

Takardarka ta zo yau, bayan Kawu Muntari. Da ita ta riga shi da ko na san abin yi. Salla ina yi, Yaya. Ban rubuta ba don ban san abin rubutawa ba ne, kamar in ce maka ina shan ruwa. Ranar da na zo, ita tsohuwar ce ta nuna min gabas da sandarta.

Ranar Lahadi da hantsi ya zo. Muna tsakar gida, hannuna dumu-dumu cikin gari, washegari ne matan za su taru. Ya ƙi shigowa, ya ƙi zama, ta ce a kawo masa shayi ya ce ya sha. Ya tsaya a bakin ƙofa da farar jallabiyarsa, yana magana da ƙarfi yadda layin duka zai ji.

Ya ce, "Hajiya, ko me ake ce miki, kin san wa kika sa wankin tukwane? Matar shahidi ce wannan. Mijinta a Kudu ya faɗi, yana ɗaukaka kalmar Allah."

Tsohuwa ta ce, "Yaushe?"

Ya ce watan uku.

Ta ce, "Na bana?"

Ya ce na bana. Ya juyo gare ni da Hausa ya ce in shirya kayana, zai shawarta da kai ya dawo. Ya ce akwai taron iyalan shahidai bayan azumi, za a zaunar da ni a gaba. Ya tafi.

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "Cire hannunki daga garin nan. Je ki wanke."

Na je na wanke.

Tun daga nan ba ta sake min faɗa ba. Ko sau ɗaya. Na yanka albasa yadda na ga dama, ba ta ce komai ba. Ta kira yaran Um Mina suka kwashe garin da man shanun suka kai gidansu. An mayar da tire gidan burodi. Ta sa mai fenti ya hau ya sauke fitilun da tauraron, ba ni ta sa ba. Kogon takarda da alkamar kawai ta bari. Yadin nan ja ta je da kanta ta karɓo daga wurin tela, ban san inda ta kai shi ba. Na ɗauki tsintsiya, ta karɓe daga hannuna ta jingine. Matan layin suna zuwa bakin ƙofa, su yi ƙus-ƙus da ita, su leƙo ni, su tafi.

Shekara arba'in ba ta fasa ba, Yaya. Ko ambaliya ba ta hana ta ba. Hannuna ne ya hana ta. Na gane. Garin da matar wanda ya je yaƙar 'yan uwanta ta taɓa, ba za ta kai shi bakinta ranar idinta ba. Ni ma da ni ce ita, ban sani ba.

Rabi ta ce, "Ban gaya miki ba?" Ta ce tsohuwar tana jira idi ya wuce ne, don ba sa korar mutum cikin azumi.

Na ɗaure ƙunshina, yana ƙarƙashin gado. Ban ji haushinka ba. Ban ji komai ba. Ina zaune a ɗaki, na sa sakata, ina kallonta. Alkamar dai ina yayyafa mata ruwa, don ba wanda ya ce in daina sai kai, kuma in na daina za ta mutu.

Ka faɗa min inda zan je.

Kulu

*

Gadarif, 3/1/1997

Kulu,

Bayan sallama. Ina lafiya. Takardunki biyu tare suka zo, wani yaron mota ya kawo.

Na ji daɗi da kika ce kina salla. Da kin faɗa tun farko. Maganar ƙwai ta ba ni dariya, sai da na karanta ta biyun dariyar ta tsaya.

Ban ce wa Kawu ya je ya yi shela a titi ba. Cewa na yi ya duba ki. Amma abin da ya faɗa ai ba ƙarya ba ne, kuma yanzu kin ga da idonki. Mutanen da kika ce sun ba ki ɗaki, ga shi ko garin da kika taɓa sun fitar daga gida. Gara da kika gani da wuri.

Kada ki jira a kore ki. Na yi magana da Kawu ta wayar kasuwa. Zai zo ya ɗauke ki ranar Talata, bakwai ga wata, da safe. Ki zauna a gidansa ki yi azumin Ramadan cikin Musulmi, ga shi saura kwanaki. Na san ɗakin matarsa cike yake da yara, na san kuma zai riƙa kai ki taro. Ki daure. Bayan Salla in an sallame mu zan zo mu ga abin da za a yi.

Ki yi wa tsohuwar sallama ta mutunci, kin ci abincinta. Kada ki karɓi yadin ko ta ba ki.

Ki ci abinci, Kulu.

Zubairu

*

Umdurman
Alhamis, ana duban wata

Yaya Zubairu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata dawa ta yi kyau. Murata ta tafi. Zan faɗa maka yadda aka yi, bi da bi, don ni ma ban gama ganewa ba.

Ranar Litinin da yamma ta tafi coci da su Um Mina. Da ta dawo ta ɗumama romon nama, ta zuba a kan shinkafa da gutsuren burodi, da shi suke buɗe baki. Ta zuba kwano biyu, muka ci. Na ce a raina na ƙarshe ke nan.

Talata da sassafe na fito da ƙunshina na ajiye a bakin ɗaki. Sai na ga an kwashe kujerun tsakar gida, an shimfiɗa tabarmi. Ta fito cikin baƙaƙen kaya, ranar idinta. Ta miƙo min wani abu a ninke. Farin mayafi ne, sabo, marar ado. Ashe da shi ta musanya jan.

Ta ce, "Sa wannan. Zauna nan, jikin bango." Sai ta ga ƙunshin. Ta nuna shi da sanda ta ce, "Wannan fa?"

Na ce ai na san tafiya zan yi, tunda ta fitar da garin da na taɓa.

Yaya, faɗan da ta tara na kwana tara duk ranar ta sauke min shi.

Ta ce, "Ke wace irin 'yar ƙauye ce? Gidan da aka yi rashi yana gasa ka'ak a idin farko? Yana rataya fitila? So kike a ce Ni'mat ta tsufa ta rasa kunya, tana barbaɗa sukari da mai makoki a gidanta?"

Na ce ban sani ba. Na ce a gidan su Salahuddin da Babbar Salla raguna biyu aka yanka, har da masu ganga.

Ta ce, "Wannan su ta shafa."

Na ce ai ba ɗanta ba ne.

Ta ce, "A gidana kike kwana ko a titi?"

Na ce amma a Kudu ya mutu, kin ji abin da Kawu ya ce.

Ta ce, "Na ji, ƙafata ce ba ta da lafiya, ba kunnena ba. Shekararsa nawa?"

Na ce ashirin da biyu.

Ta ce, "To." Ta gyara min mayafin a ka, da ƙarfi, har ta ja min kunne. Ta ce, "Kin bar ni ina miki ihu a kan albasa. Mayar da tsummokaran nan ɗaki kafin mutane su gani."

Sai suka fara shigowa. Kowace mace da farantin ka'ak a rufe da ƙyalle, ta ajiye a gefe, ta durƙusa ta dafa kafaɗata ta ce Allah ya ba ni haƙuri. Waɗanda na sani da waɗanda ban taɓa gani ba. Ba a ce barka da idi a gidan ba ko sau ɗaya, sai in sun fita titi nake jin suna yi wa juna. Aka yi ta zagayawa da gahawa ba sukari. Ghada ta zo da nata farantin, ita da ba idinta ba.

Um Mina ta zauna kusa da ni ta ce, "Wace sana'a yake yi, 'yata?"

Tun da ya mutu ba wanda ya tambaye ni wannan. Na ce faci yake yi wa kekuna, a gindin wata bishiya kusa da tashar Madani. Ta ce yana da tsawo? Na ce a'a, gajere ne, yana da wushirya. Sai ta fashe da kuka, ita da ba ta san shi ba, sauran suka kama. Ni ban yi ba. Ina ta kallon tururuwa sun samu hanyar farantan. Amma na ji sanyi a hannuna, na sa su cikin mayafi.

Ana cikin haka Kawu ya iso. A ƙofar gida tsofaffin layin suna zaune a tabarma. Mijin Um Mina, mai gyaran agogo, ya tashi ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce, "Kai ne kawunta? Tun safe muke jiran namiji daga danginta. Allah ya ba ku haƙuri." Ina jin su ta taga. Kawu ya fara cewa ai shahidi ba a masa zaman makoki, sai mijin Ghada ya ɗaga hannu ya ce Fatiha. To ka san ba yadda zai yi. Ya ɗaga. Suka zaunar da shi a tsakiya, duk wanda ya zo shi ake nuna masa. Har azahar yana nan yana karɓar gaisuwa, ya sha gahawa mai ɗaci ta fi kofi biyar.

Da ya samu kansa ya leƙo ya ce, "Kulu, tashi mu tafi."

Tsohuwa ta ce, "Yau? A garinku daga kan tabarmar makoki ake ɗaukar mutum?"

Ya ce da ni yake. Na ce, "Kawu, ba na zuwa." Ban san zan faɗa ba sai da na ji ya fito. Ya ce zai gaya maka. Na ce ni ma zan gaya maka. Ya ƙi karɓar ka'ak, Um Mina ta bi shi ta cusa masa a aljihu, sukari ya ɓata masa gaban jallabiya.

To ga shi na gaya maka. A nan zan yi azumi. In ka zo bayan Salla ka zo ka gan ni, amma kada ka zo da niyyar ɗauka ta.

Jiya ta dawo da faɗanta, ta ce na bar tsakar gida kamar turken awaki. Ta ɗanɗana ka'ak ɗin kowane gida tana yatsina fuska, ta ce na Um Mina da garinta da manta aka yi amma an kashe shi. Sannan ta sa na wanke farantan, ta ce in mayar wa kowa nasa. A al'ada ba a mayar da faranti ba komai a ciki, sai gidan rashi. Ta ce in buɗe ido in san ƙofofin, don baɗi ni zan kai namu, ita ƙafarta ta gama.

Na zagaya layin duka, na mayar. Saura guda ɗaya mai bakin shuɗi, duk gidan da na nuna sai su ce ba nasu ba ne. Na dawo da shi na ce mata ban san mai shi ba.

Ta ce, "Ajiye a ɗakinki. Kina da shekara guda ki gano."

Ƙanwarka,
Kulu